Daɓen laminet: Me ya sa bakin katakon ke ɓarewa wajen yanka, kuma yaya ake kauce wa hakan?

Titin Jalan Semarak ba shi da nisa daga tagwayen hasumiyoyin Petronas a birnin Kuala Lumpur na ƙasar Malesiya. A takardun hukuma sunansa Jalan Sultan Yahya Petra tun ƙarshen shekarar 2014, lokacin da aka sauya wa wasu manyan titunan birnin suna domin girmama sarakunan ƙasar, amma tsohon sunan bai bar bakin jama'a ba. A kansa ne Jami'ar Fasaha ta Malesiya, UTM, take da harabarta ta babban birnin, a wurin da kwalejin fasaha ta zamanin Turawan mulki ta tare a 1955. Hedikwatar hukumar safiyo da taswira ta ƙasar ma tana kan titin.

Baƙon da ya shiga ofisoshi da benayen haya na wannan yanki, ciki har da ɗaliban Najeriya da ke zuwa karatu a jami'ar, zai riƙa taka wani daɓe mai kama da katakon da aka goge, ga santsi ga ɗumi a tafin ƙafa. Sau da yawa laminet ne: sassan katako na masana'anta da ake harhaɗawa a kan siminti, babu ƙusa babu gam. Yanzu ana sayar da irinsa a Abuja da Kano da Kaduna, kuma masu gyaran gidaje da shaguna na ƙara rungumarsa saboda saurin shimfiɗawa.

Harhaɗa shi ba ya ba da wahala. Inda aikin ke cije wa mutane shi ne wurin yanka. Katako na gaskiya idan bakinsa ya tsage, kafinta zai bi shi da samfefa ya shafa fenti, magana ta wuce. Laminet ba ya karɓar wannan gyara. Inda fuskarsa ta ɓare ta ɓare ke nan, kuma ta wannan kafa ruwa da danshi suke samun hanyar shiga cikinsa.

Abin da ke cikin katakon

Kamfanin Perstorp na ƙasar Suwidin ne ya ƙirƙiro wannan daɓe a 1977, ya riƙa sayar da shi da sunan Pergo, wanda ya shiga kasuwar Amurka a 1994. Da farko da gam ake haɗa sassan. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanonin Välinge na Suwidin da Unilin na Beljiyam suka fito da bakin da ke kulle kansa, wato harshe a gefe ɗaya, tsagi a ɗaya gefen, irin haɗin da masu sana'a ke kira namiji da tamace. Wannan ne ya mayar da shimfiɗa shi aikin da mutum ɗaya zai iya yi.

Kowane sashe hawa huɗu ne da aka matse da zafi. A can sama akwai siririyar fata garai-garai ta sinadarin melamin, irin wanda ake yin farantai masu tauri da shi. A ƙarƙashinta akwai takarda mai ɗauke da hoton itace, domin zanen da ido ke gani hoto ne aka buga. Sai tsakiya, wadda ita ce mafi kauri: zaruruwan itace da aka niƙa, aka cuɗa da gam, aka danne har suka zama allo mai nauyi. A ƙasa kuma akwai wata takardar da ke hana sashen lanƙwashewa. Kaurin duka yakan kama daga milimita 6 zuwa 12, tsawon kuma mita ɗaya da 'yan kai, faɗin kusan santimita 19.

Malesiya na da nata gurbi a wannan sana'a. Itacen roba yakan rage ba da ƙaro bayan shekara 25 zuwa 30, sai a sare shi a dasa sabo. A da ƙona kututturan ake yi. Daga baya suka zama abincin masana'antun kujeru da na allon matsattsen itace, irin wanda ke tsakiyar laminet.

Sirrin wahalar yankan yana cikin fatar nan ta sama. An barbaɗa mata ƙananan ƙwayoyin sinadarin alminiyam oksaid domin kada takalmi da yashi su cinye ta. A ma'aunin Mohs na taurin duwatsu wannan sinadari yana mataki na 9, lu'ulu'u na 10, ƙarfen zarto na yau da kullum kuwa yana ƙasa da su. Ke nan zarto na cin karo da abu biyu masu hali daban a yanka guda: fata mai tauri da gautsi kamar tangaran, da kuma ciki mai laushi idan an kwatanta. Fatar ba ta lanƙwasa. Ko dai ta yanku, ko ta fashe.

Ta ina haƙori ke shiga

Ƙa'ida ɗaya ce ta tattara kusan duk abin da ake faɗa game da yanka mai tsabta: haƙorin zarto ya shiga katakon ta fuskar ado, ya fita ta baya.

Dalilin a fili yake. Idan haƙori ya danno fatar daga sama, yana matse ta ne a jikin allon da ke ƙarƙashinta, allon ya tokare mata baya, sai ta yanku daidai layi. Idan kuwa ya ɓullo daga ƙasa, yana ɗaga ta ne zuwa sarari inda babu abin da ke riƙe da ita, sai ta ɓalle guntu-guntu. Kowane zarto yana barin ɓarna a gefen da haƙoransa ke fita. Aikin mai yanka shi ne ya tabbatar gefen nan shi ne bayan katakon, wanda zai kwanta a ƙasa ba mai ganinsa.

Saboda haka tambayar "a kife katakon ko a bar fuskarsa sama?" ba ta da amsa ɗaya, ta danganta da zarton da ke hannu. Zarton hannu irin na kafintocin ƙasar Hausa yana ci ne lokacin turawa, haƙoransa na gangarawa ƙasa, don haka fuskar ado ta kalli sama. Ana so ya zama mai ƙananan haƙora, a kuma kwantar da shi kaɗan maimakon a tsayar da shi cak. Zarton Japan, wanda ke ci lokacin jawowa, akasin haka yake buƙata.

Zarton lantarki mai faifai da ake riƙewa a hannu, haƙoransa na tasowa ne daga ƙasa zuwa sama a gaban faifan. A nan kife katakon ake yi, a ja layi a bayansa. Amma idan irin wannan faifai yana kafe a jikin tebur ana tura masa katako, to haƙoran na sauka ne a kan abin da ake yankawa, sai fuska ta koma sama. Haka ma zarton da ake sauko da shi daga sama kamar ana sara. Mutane da dama kan ruɗe a nan, ganin faifai ɗaya ne amma umarni biyu.

Jigso, wato ƙaramin injin nan mai siririn ruwa da ke hawa da sauka, shi ne aka fi amfani da shi wajen lanƙwasa da kusurwa. Ruwansa na yau da kullum yana ci ne lokacin hawa, don haka a kife katakon. Akwai kuma ruwa mai juyayyun haƙora da aka yi musamman domin irin wannan aiki, kamar T101BR na kamfanin Bosch, wanda ke ci lokacin sauka. Da shi ana iya yanka ana kallon fuskar, sai dai yana tura injin sama, dole a danne shi da kyau. Idan injin yana da maɓallin da ke sa ruwan ya riƙa wurga kansa gaba domin sauri, a kashe shi.

Wanda bai tabbatar da yadda zartonsa ke ci ba, guntun katako ya ishe shi gwaji. Ya yanka, ya duba wane gefe ne ya fi tsabta.

Kaifi da haƙuri

Tun da fatar ta fi ƙarfe tauri, laminet na dakusar da zarto da saurin da ke ba kafintan da ya saba da katakon rufi mamaki. Faifan da ya dace shi ne mai haƙoran tungistin kabaid. Wannan ba shi ne kabaid ɗin masu walda da masu nuna ayaba ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. A faifai mai faɗin santimita 25 ana neman haƙora 60 zuwa 80, ba 24 ɗin da ake tsaga katako da su ba. Yawan haƙora na nufin kowanne yana ɗaukar ɗan ƙaramin cizo. Masu yin aikin kullum sukan sayi faifai mai bakin lu'ulu'un masana'anta, wanda ke da tsada amma yana daɗewa ƙwarai.

Zarton da ya dakushe yana sanar da kansa: warin ƙuna, baƙin layi a bakin yanka, da buƙatar a riƙa tura shi da ƙarfi. Daga nan duk wata dabara ba za ta hana ɓarewa ba.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna tasiri. A bar injin ya kai ƙarshen gudunsa kafin ya taɓa katako. A sauko da faifan yadda zai leƙo ta ƙasa da kamar rabin santimita kawai. A tokare ɓangarorin biyu na katakon, domin guntun da ke reto yakan karye da nauyinsa kafin zarto ya ƙarasa, ya tafi da kusurwar fuskar.

Ana yawan ba da shawarar a manna tef ɗin takarda a kan layin yanka. Yana taimakawa wajen ganin alamar fensir a kan katako mai duhu, yana kuma rage ɓarewa kaɗan, amma an fi ba shi girman da bai kai ba. Abin da ya fi shi aiki shi ne a ɗora ƙarfen awo a kan layin, a bi da wuƙa mai kaifi sau biyu ko uku har fatar ta tsagu, sannan a yanka ta gefen da za a yar. Ko fatar ta fashe, fashewar za ta tsaya a tsagin wuƙar.

A nan ya kamata a bambance laminet da wani daɓen mai kama da shi da ake yi da roba da garin dutse, wanda 'yan kasuwa ke kira SPC. Shi wannan ana iya tsaga shi da wuƙa a karya shi a gwiwa. Wanda ya gwada haka da laminet zai samu baki kaca-kaca.

Akwai kuma na'urar yankan laminet mai dogon hannu, wadda ke datse katakon kamar almakashin yankan takarda na maɗaba'a. Ba ta buƙatar wuta, ba ta ƙara, ba ta tayar da ƙura, kuma a garuruwan da wutar lantarki ba ta da tabbas wannan ba ƙaramin abu ba ne. Iyakarta ita ce, yawancinsu yankan gicciye kawai suke yi, kuma suna ɗan murƙushe bakin. Injin yankan tayil na hannu kuwa, wanda shi ne ya fi kusa da hannun magina, bai dace ba. Da faifan tayil ƙona katakon yake yi yana tayar da hayaƙi. Idan kuma aka ɗaura masa faifan katako mai haƙora, yakan cije ya yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi, kuma ta haka mutane ke rasa yatsu.

Yankan da ke ɓuya da wanda ke bayyana

Abin da zai kwantar wa sabon shiga hankali shi ne, yawancin yankan da zai yi ba mai ganinsu. Bakin da aka yanka kullum bango yake fuskanta, katakon gindin bango kuma zai rufe shi. A tsakiyar ɗaki bakin masana'anta ne kaɗai ke haɗuwa da ɗan'uwansa.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne yanke ɓangaren da ke ɗauke da makulli. Hanyar kauce masa tsohuwa ce: idan an zo ƙarshen layi, sai a juya sabon katakon kai ya koma ƙafa, fuskarsa na sama, a kai shi jikin bango tare da barin tazara, a yi alama daidai inda ya haɗu da na ƙarshe da aka shimfiɗa. Idan an yanka aka juyo shi, makullin zai faɗa inda ake buƙata. Guntun da ya rage shi ke buɗe layi na gaba, muddin ya kai santimita 30, domin ba a so mahaɗar layi biyu maƙwabta su kusanci juna fiye da haka.

Kafin a yanka ko ɗaya, lissafin faɗin ɗaki na gaba da komai. A ɗauki ɗaki mai faɗin santimita 365. Idan aka cire santimita ɗaya ta kowane gefe, saura 363. Katako mai faɗin 19 zai ba da layi 19 cif, wato 361, ya bar santimita 2 a jikin bango na ƙarshe. Siririn yanki irin wannan ba ya yankuwa da kyau, ba ya kuma zama a wurinsa. Mafita ita ce a haɗa 2 ɗin da 19, a raba biyu, layin farko da na ƙarshe kowanne ya zama santimita 10 da rabi. Masu sana'ar ba sa barin layin ƙarshe ya gaza santimita 5.

Bangon bulo da aka yi wa filasta da hannu da wuya ya miƙe sak, don haka awo da tef a wuri ɗaya ba ya isa ga layin ƙarshe. Ana ɗora katakon da za a yanka daidai a kan layin da ke kafin na ƙarshe, a ɗauki wani guntu mai cikakken faɗi a jingina shi da bango, a riƙa jan shi ana bin bakinsa da fensir. Layin da zai fito zai kwaikwayi duk wani ciki da doro na bangon.

Wurin ƙofa ne ake gane gwani. Idan firam ɗin na katako ne, ba a yanka laminet ya zagaye shi. Firam ɗin ake yanke wa ƙafa: a kifa guntun laminet a gindinsa, a kwantar da zarto a kai a yanka, sai daɓen ya shige ƙarƙashi. To amma gidaje da yawa a Najeriya da Nijar firam ɗin ƙarfe gare su, wanda ba ya yankuwa haka. A nan sai a fitar da siffar a kwali, a mayar da ita kan katakon, a bi da jigso a hankali, a cike 'yar tazarar da silikon mai launin daɓen. Wannan yanka kowa zai gan shi, shi ya fi cancantar sabon ruwan zarto da tsagin wuƙa.

Bututu kuma ana huda masa rami ne da ya fi shi faɗi da kusan santimita 2, a yanka katakon ta tsakiyar ramin, a mayar da guntun ta bayan bututun da gam. Saboda irin waɗannan asarori ake sayen ƙarin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari a kan faɗin ɗakin, fiye da haka idan a karkace za a shimfiɗa.

Tsakanin Kuala Lumpur da Kano

Kusa da Jalan Semarak akwai Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa da aka keɓe tun 1900, inda har yau ake ganin gidajen katako a kan dirkoki. A ginin gargajiya na Malayawa ana ɗaga daɓe daga ƙasa, a kan kuma bar 'yar kafa tsakanin katako da katako domin iska ta ratsa. Magina a ƙasar da ruwan sama ke haura milimita 2,000 a shekara sun daɗe da sanin cewa itace na motsi.

Laminet ma na motsi, domin cikinsa itace ne. Yana shan danshin iska ya buɗe, ya bushe ya tsuke. Tun da ba a kafe shi da ƙasa ba, ɗakin gaba ɗaya yana motsawa ne kamar faranti guda. Shi ya sa ake yanke shi ya gaza bango da milimita 8 zuwa 10 ta kowane gefe, har da jikin bututu da ginshiƙi da bakin ƙofa. Wuri ɗaya tak da ya tokare ya isa ya sa tsakiyar ɗaki ta yi tozo.

A Kuala Lumpur danshin iska yana kewayen kashi 80 cikin ɗari kusan duk shekara. Yana da yawa, amma ba ya sauyawa sosai, sai dai bambancin da na'urar sanyaya ɗaki ke kawowa. Barazanar da ta fi girma a can ita ce ruwa ya samu bakin da aka yanka, allon ciki ya kumbura, kuma idan ya kumbura ba ya komawa.

A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi lamarin ya sha bamban. Da rana a lokacin hunturu danshi kan faɗi ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ya ninka haka sau uku ko huɗu. Wannan hawa da sauka ya wuce abin da masana'antun ke ɗauka a matsayin yanayin ɗaki na yau da kullum. Wanda ya shimfiɗa daɓe a watan Janairu yana aiki ne da katako a mafi tsukewarsa, don haka rowar tazara za ta bayyana da damina. Gara ya bar cikakkiyar santimita ɗaya, ya sa katakon gindin bango mai kaurin da zai rufe ta. Wanda ya shimfiɗa a tsakiyar damina kuma, katakonsa zai ja baya da hunturu, sai ya kula kada tazarar ta yi faɗin da za ta leƙo. A ko'ina dai ana ajiye kwalayen a kwance cikin ɗakin na tsawon sa'o'i 48 kafin a fara, kuma a kan siminti ana shimfiɗa ledar tare danshi a ƙasa.

Akwai kuma al'adar wanke ɗaki. Gidan da ya saba da tayil ko siminti ya saba da kwara ruwa a bi da tsintsiya. Ruwan nan gindin bango yake gangarawa, daidai inda yankakken baki yake a buɗe. A ƙofar banɗaki da kicin da duk inda ake shigowa da jiƙaƙƙiyar ƙafa bayan alwala, ana cike tazarar da silikon mai laushi, wanda ke tare ruwa ba tare da ya hana katakon motsi ba.

Ƙurar da ke tashi

Garin da ke fita daga laminet ya fi na katakon gaskiya laushi, yana kuma daɗewa a iska. Hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya ƙurar katako cikin rukunin farko na abubuwan da ke haddasa daji tun 1995, musamman dajin hanci. A 2004 ta sanya sinadarin fomaldihaid, wanda ke cikin gam ɗin da ake haɗa irin wannan allo da shi, a rukunin. Alamar E1 a jikin kwali na nuna cewa abin da allon ke fitarwa na sinadarin bai wuce iyakar da Turai ta amince da ita ba.

Wanda zai gyara ɗaki ɗaya a rayuwarsa haɗarinsa kaɗan ne. Yaron shagon da ke yanka kullum shi ne abin dubawa. Yanka a waje ko bakin taga, da takunkumin tace ƙura irin N95, da tabarau saboda gutsattsarin fatar da ke fallatsa kamar gilashi, su ne kariyarsa. Yin yankan a wajen ɗakin yana kuma kare daɓen kansa, domin garin na ɗauke da ƙwayoyin nan masu tauri: idan ya shiga tsagin makulli sai haɗin ya ƙi rufuwa, idan kuma aka taka shi a kan sabon daɓe yakan bar ƙarce. Guntayen da suka rage ba a ƙona su a murhun girki saboda gam da melamin da ke jikinsu. Cikakkun sassa biyu ko uku kuwa ana adana su a kwance a busasshen wuri, domin masana'antu na sauya launi da siffar makulli, kuma bayan 'yan shekaru da wuya a samu irinsu a kasuwa.